A Buɗe Gine-ginen Gwamnati Da Ke Kulle Ga Waɗanda Bala'i Ya Raba Da Muhallinsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana sosa mini rai. Duk sanda ruwa ya ci gari, ko ƙasa ta girgiza, ko guguwa ta kwashe rufin jama'a, hotunan da kuke buga mana iri ɗaya ne: mata da yara zube a ajin makaranta, maza a gindin bishiya, tantuna jere a fili. Abin da ba ya fitowa a hoton shi ne, a cikin garin nan da bala'in ya afka wa, sau da yawa akwai gine-ginen gwamnati da kwaɗo a ƙofarsu, ba kowa a ciki sai maigadi da jemagu. Akwai kwatas na ma'aikata da aka tashi daga ciki, akwai tsohuwar sakatariya da aka bari bayan an gina sabuwa, akwai masaukin baƙi, da sito, da rukunin gidajen da aka kai linta ko aka yi wa rufi sannan kuɗi ya ƙare ko gwamnati ta canza.

Na yi aiki shekaru masu yawa a ofishin da ke riƙe da rajistar kadarorin gwamnati kafin in yi ritaya, don haka ba ji na yi a bakin wani ba. Na riƙe makullan irin waɗannan gine-gine a aljihun teburina. Kuma zan gaya maka dalilin da ya sa ba sa fitowa ranar da ake bukatarsu, domin mutane suna ɗauka mugunta ce kawai. Akwai muguntar, amma tsoro ya fi ta yawa. Jami'in da ya sa hannu aka buɗe gini, shi za a nema in tagogi sun ɓace, shi masu binciken kuɗi za su tsare da tambaya, shi za a ce ya kawo mutanen da suka ƙi fita. Wanda ya bar ginin a kulle har silin ya rufto kuwa, ban taɓa ganin an ko rubuta masa takardar tuhuma ba. To wa zai sa hannu? Sai fayil ya tashi daga wannan tebur ya koma wancan, kowa ya rubuta "don a duba" ya tura gaba, mutane kuma suna kwana a ƙasa. Ga shi kowace ma'aikata tana riƙe da nata kamar gadon ubanta. Ma'aikatar gona ba za ta ba hukumar agaji makullin sitonta ba sai an sha wasiƙu, ko da rabon da a ajiye buhu ɗaya a ciki an manta. Wani ginin kuma da gangan ake barinsa ya lalace, saboda akwai mai ido a kan filin, yana jiran ranar da za a ce a yi gwanjonsa. Wannan ma na gani, ba sau ɗaya ba.

Masu cewa ana kulle gini ne don a kare dukiyar jama'a ba su san gini ba. Ginin da ba mutum a ciki shi ya fi saurin mutuwa. Kwano ɗaya ya ɗaga, ba mai gani, damina ɗaya ta wuce, katakon rufi ya ruɓe. Ɓarayi su zare waya, su cire famfo, su kwance ƙofofi. Gara ta shiga. Ginin da da iyali a ciki da tuni an sa bokiti an kira kafinta, sai ka dawo ka tarar da kango.

Abin da na fi so masu karatu su lura da shi shi ne wane ne ainihin wanda bala'i yake kassarawa. Ruwa ba ya zaɓe, gaskiya ne, amma talaka ne ya fi zama a inda ruwa yake bi, a bakin kogi, a kwari, a gangaren tudu, a tsohon ginin da bangonsa ya tsage, domin nan ne haya take da sauƙi. Kuma mafi yawansu 'yan haya ne. Idan aka zo rabon tallafin sake gini, tambayar farko ita ce ina takardar mallakarka. Mai gida zai kawo, ko ya kawo shaidu, a rubuta sunansa. Ɗan haya fa? Ɗakin da ya rushe ba nasa ba ne, amma gadonsa da katifarsa da keken ɗinkin matarsa da takardun makarantar yaransa duk a ciki suka tafi. Kuɗin hayar da ya biya gaba, ya bi ruwa. Gidajen da suka tsira kuwa nan take kuɗinsu ya hau, saboda masu nema sun yi yawa. Mai hali zai kama otal ko ya tare a wajen ɗan'uwa mai ɗaki biyu. Wannan bawan Allah kuma 'yan'uwansa ma a unguwar da ta nutse suke. Shi ne wanda ba shi da wata ƙofa sai ta gwamnati, kuma shi ne wanda sunansa ya fi saurin faɗuwa daga jerin sunaye.

Abin da hukumomi suka saba yi shi ne su buɗe makaranta, don ita ce ba ta bukatar dogon rubutu. A kwana biyu ko uku na farko ba ni da ja. Amma makaranta ba wurin zama ba ce, bayan gidanta an yi shi ne don yara na 'yan sa'o'i, kuma kowane mako da aka ƙara, karatun yaran gari ne ya tsaya. A ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda ta shafi mutum miliyan 33, dubban makarantu ne suka koma sansani. Da lokacin komawa aji ya yi sai a shiga matsa wa mutane su tashi, alhali ba a tanadar musu inda za su nufa ba. A Turkiyya, bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 da ta kashe mutum fiye da 50,000, gwamnati ta kwashe ɗalibai daga ɗakunan kwanan jami'o'i na gwamnati ta zuba waɗanda suka rasa gidaje, aka mayar da karatu ta intanet. An samu gado da ruwa da wuta cikin 'yan kwanaki, wannan abin a yaba ne. Amma ɗalibai da malamai sun yi ta ƙorafi, kuma suna da hujja, domin an ɗauki ginin da ake amfani da shi ne. Ni maganata a kan wanda ba a amfani da shi take.

Wani zai ce ai gwamnati tana da fili, a ba su fili mana. Tana da shi, amma ka tambayi inda yake. Filin gwamnati mai faɗi kusan kullum a bayan gari yake, inda ba ruwa, ba mota, ba kasuwa. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, wadda ta jefa kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi cikin sansanoni, gwamnati ta ware wani fili mai suna Corail-Cesselesse, kimanin kilomita 18 arewa da babban birnin ƙasar, aka kwashi dubban mutane aka kai. Fili ne fetal, ba inuwa. An yi musu alkawarin masana'antu za su zo su samu aiki, ba su zo ba. Jin an ce gwamnati ta buɗe fili sai jama'a suka yi ta kwarara suna kafa bukkoki a kewaye, har wurin ya zama wani babban gari da ake kira Kan'ana, wanda ya girma ba tare da famfon gwamnati ko magudanar ruwa ba. Haka aka yi a Tacloban ta ƙasar Filifin bayan guguwar Haiyan ta Nuwamban 2013. An hana gini a tazarar mita 40 daga bakin teku, aka gina wa mutane gidaje can arewacin birnin. Masunta ne da 'yan tireda da masu dako. Ruwan sha ya yi musu wuya, kuɗin mota zuwa wurin sana'a ya cinye abin da suke samu, da yawa suka koma bakin tekun da aka tashe su.

Talaka ba albashi yake jira ba. Abincin yau daga fitar yau yake. Mai wankau da mai faci da mai aikin gida da mai tura baro, jarinsu shi ne mutanen da suka san su da kuma kusancinsu da kasuwa. In ka ba shi gida mai fenti a inda sai ya hau mota biyu kafin ya iso wurin nemansa, ka ba shi rufi ka karɓe sana'arsa. Shi ya sa tsohon ofishi mai ɗaki ashirin a tsakiyar gari ya fi masa amfani a kan sabon rukunin gidaje a daji, ko da kuwa a hoto na dajin ya fi kyau, kuma ya fi daɗin yanka ƙyalle a gaban 'yan jarida.

Misalin da ya fi ba ni takaici daga Amurka yake, ƙasar da ba wanda zai ce ba ta da kuɗi. A ƙarshen Agustan 2005 guguwar Katrina ta nutsar da mafi yawan birnin New Orleans. Birnin yana da manyan rukunonin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, na jan bulo, waɗansu tun shekarun 1940, kuma waɗansunsu ruwan bai yi musu wata babbar illa ba. Maimakon a share a gyara a ce wa masu hayar su dawo, sai aka toshe ƙofofi da tagogi da ƙarfe aka kewaye da waya. A Disamban 2007 majalisar birnin ta amince a rushe manyan rukunoni huɗu, kimanin gidaje 4,500, ana zanga-zanga a ƙofar majalisar. Hujjar hukuma ita ce unguwannin sun lalace da talauci da laifi tun kafin ruwan, gara a gina sababbi da za su haɗa masu hali da marasa hali. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma gidajen da aka ware wa talakan asali a sababbin ginin ba su kai yawan waɗanda aka rushe ba, kuma an ɗauki shekaru. A wannan tsakanin ina mutane suke? Bayan guguwar, iyalai fiye da 100,000 a yankin sun zauna cikin tirelolin kwana da hukumar agaji ta ƙasar ta saya da maƙudan kuɗi, waɗanda a farkon 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta tabbatar iskar cikin da yawansu tana ɗauke da sinadarin fomaldehaid mai yawa, mai cutar da numfashi. Gwamnati ta kulle gidan bulo nata na kanta, ta je ta sayo akwatin da yake sa yara tari. Duk sanda na tuna wannan sai in ce a raina, ashe ciwon teburinmu ba mu kaɗai yake damu ba.

Na san abin da tsofaffin abokan aikina za su ce in sun karanta wannan, don mun sha yin gardamar. Za su ce Malam, in suka shiga ba za su fita ba. Gaskiya ne, waɗansu ba za su fita ba, tunda ba su da inda za su. Amma rigimar fitarwa tana tasowa ne daga yadda aka shigar da su. In aka zuba mutane da dare ba rajista, ba yarjejeniya, ba wanda ya san ranar tashi, to dole wata rana a zo da 'yan sanda. In kuwa kowane iyali ya karɓi takarda da sunansa da lambar ɗakinsa, an rubuta tsawon zaman, shekara ɗaya ko biyu, an rubuta abin da zai biyo baya, ko haya mai rahusa, ko wani gida, ko tallafin kama haya, to kowa ya san matsayinsa. Takardar nan tana kare gwamnati, tana kuma kare mai ɗakin daga wani jami'i da zai zo gobe ya ce a ba shi na goro ko a tashi.

Meziko ta gwada wannan. Bayan girgizar ƙasar 19 ga Satumban 1985, waɗanda suka fi shan wuya 'yan haya ne na tsofaffin gidajen tsakiyar babban birnin. Suka haɗa kai suka ƙi yarda a kai su bayan gari. A watan Oktoba gwamnati ta karɓe dubban filayen da gidajen suka rushe a kai, suka zama nata, ta ba kowane iyali takardar shaidar cewa yana da haƙƙin gida a wurin, ta yi musu matsugunan wucin gadi a kusa, har a kan titunan unguwar. Cikin kimanin shekara biyu an gina ko an gyara gidaje fiye da 40,000, waɗanda a da 'yan haya ne suka zama masu gida suna biya a hankali. A can sai da gwamnati ta karɓi filin wasu tukuna. Abin da nake nema bai kai haka wuya ba, tunda ginin nata ne tun asali.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma na yarda da shi: ofishi ba gida ba ne. Bene mai hawa uku da aka gina don ma'aikata yana iya zama da bayan gida huɗu kacal, ba wurin wanka, ba madafa, ba wurin shanya. Ka zuba iyali hamsin a ciki haka nan, cikin mako biyu masai ta cika, kwalara ta leƙo, wata ta hura gawayi a ɗaki gobara ta tashi. Sito kuma ba taga, wani an taɓa ajiye taki ko maganin ƙwari a ciki. Wani ginin shi ma a hanyar ruwan yake. Don haka ba kowane kango ba ne zai yi. Sai injiniya ya duba ginshiƙi da rufi, a ƙara bayan gida a ware na mata daban da ƙofa mai sakata da fitila, a ja ruwa, a yanka manyan ɗakuna da katako don kowane iyali ya samu sutura, a yi madafa a waje. Aiki ne na makonni, ba na shekaru ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar abin da ake kashewa a tanti da tankar ruwa wata da watanni ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ruwa ya shigo gari ba ranar neman injiniya ba ce.

Sai batun rabo. Nan ma akwai darasi daga Japan. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta Janairun 1995 an raba gidajen wucin gadi ta hanyar ƙuri'a, aka fifita tsofaffi da naƙasassu, abin da a ido adalci ne. Sakamakon shi ne an raba tsoho da maƙwabtan da suka san shi, aka kai shi cikin baƙi. Fiye da mutum 200 ne suka mutu su kaɗai a ɗakunan nan, wani sai bayan kwanaki a gano. Daga baya, a girgizar ƙasar Niigata ta 2004, sai suka riƙa kai mutanen ƙauye ɗaya wuri ɗaya. A 2011 kuma, bayan igiyar ruwan tsunami, ban da gidajen wucin gadi da aka kafa, sun buɗe gidajen gwamnati da na ma'aikata da ba kowa, suka kuma kama hayar gidajen 'yan kasuwa da sunan hukuma. A raba ɗakuna unguwa unguwa, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa. Hakan ma yana toshe ƙofar cuwa-cuwa, domin mutanen layi ɗaya sun san wanda yake kwana a cikinsu da wanda ya zo da takardar wani babba. A liƙa sunayen a bango kowa ya karanta, a karɓi shaidar maƙwabta ga wanda rasit ɗin hayarsa ya tafi da ruwa, a kuma rubuta sunan mace tare da na mijinta, don kada ranar da aure ya mutu ta tsinci kanta a waje da yara.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an cire wa ƙaramin jami'i tsoron nan da na faɗa, kuma doka ce kawai take iya cire shi. Amurka tana da wata doka tun 1987 da ta wajabta wa hukumomin tarayya su riƙa bayyana gine-gine da filayen da ba sa amfani da su, ma'aikatar gidaje ta tantance waɗanda suka dace, a ba ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin taimakon marasa muhalli kyauta. Ba ta yi abin da aka zata ba, don da yawan kadarorin suna nesa ko sun lalace, kuma cike takardun yana da wahala, amma aƙalla ta kafa ƙa'idar cewa kafin a yi gwanjo sai an tambaya ko akwai mai bukatar wurin kwana. Ƙasashen Afirka kuma suna da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta fara aiki a Disamban 2012, kuma ta ambaci waɗanda bala'o'i suka raba da gidajensu ƙarara, ta ɗora wa gwamnatoci nauyin ba su matsuguni. Nauyin yana rubuce. Abin da ya rage shi ne a haɗa shi da makulli.

Abin da nake ba da shawara shi ne kowace gwamnati, babba da ƙarama, ta fitar da jerin gine-ginenta da ba kowa sau ɗaya a shekara, kafin lokacin da bala'i ya saba zuwa, da adireshi da yawan ɗakuna da halin da rufi da ruwa suke ciki. A zaɓi waɗanda suka dace a gyara su a ajiye. A rubuta a doka cewa da zarar an ayyana bala'i, makullansu sun koma hannun hukumar agaji ba sai an jira sa hannun kowace ma'aikata ba, kuma duk ginin da ke cikin jerin ba a sayar da shi sai majalisa ta sani. Ba na cewa wannan zai ɗauke kowa. A babban bala'i gine-ginen ba za su isa ba, dole a haɗa da tanti da tallafin haya. Amma mai jego da tsoho da mara lafiya da ɗan hayar da ba shi da kowa, su dai za su samu ƙofar da za su rufe.

Ya Edita, roƙona gare ka shi ne kada ka jira sai an yi ambaliya ka tura wakilanka ɗaukar hoton tanti. Ka tura su yanzu ofisoshin kula da kadarori su nemi rajistar. Za a ce musu mai riƙe da ita ba ya nan, ko ana kan sabunta ta. Su koma washegari. In an hana su, su zaga gari da kansu su ƙirga gine-ginen da ke da allon gwamnati a gaba da ciyawa a tsakar gida, su tambayi maigadi rabon da a buɗe, ku buga mana da hotuna da sunan ma'aikatar da ke riƙe da kowanne.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin ofishin kula da kadarorin gwamnati